Ɗanwaken Suruki a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da tafiyar da na kai iyalina bakin teku a garin Port Dickson na ƙasar Malaysia. Ni ne direba, ni ne kuku, ni ne kuma wanda ya durƙusa a tsakiyar falo ya ba da sanarwar cewa a wannan tafiya babu mai ɗanɗana nama. Babu wanda ya sa ni. Bakina ne ya jawo min, kamar yadda ya saba.

Lokacin ina tsakiyar karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, muna zaune a wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, can sama inda ko ihu ka yi na ƙasa ba zai ji ka ba. Matata Rukayya ta haifi ɗanmu na fari, aka sa masa sunan marigayi mahaifinta, muna kiransa Khalifa. Mahaifiyarta, Hajiya, ta taso tun daga Dambatta ta zo yi mata jego, matar da kafin wannan ko filin jirgi ba ta taɓa shiga ba.

Abin da Hajiya ta yi mana a gidan nan, har in mutu ba zan iya biya ba. Ita ke tashi tun kafin kiran sallah ta ɗora ruwan wanka a babbar tukunya, ita ke dama kunun kanwa, ita ke goya Khalifa tana zagaya falo in ya tashi rigimarsa. Kullum sai ta yi wa 'yarta farfesun kaza ko na kayan ciki, amma ita ko romon ba ta kai wa baki, don likita ya hana ta nama saboda ciwon gaɓɓai. In ta kuskura ta ci, gwiwoyinta da yatsun ƙafarta sai su kumbura ta kasa taka ƙasa. Ko gishiri za ta gwada, sai ta miƙa wa Rukayya ludayi. Ƙamshi ya cika gida, mai girkin kuma ta koma gefe da tuwonta da miyar kuka tsura.

Ni kuwa a wajen kunyar surukai ɗan gargajiya ne na ƙin ƙarawa. Ban taɓa kai loma baki a gaban Hajiya ba, ko ruwa ne sai na juya. A gida nakan shige ɗaki in tura ƙofa in ci, ko in sauka ƙasa wajen mamak, wato shagunan abincin Indiyawa Musulmi da ba sa rufewa, in cika cikina in hawo ina goge baki. Gaisuwa ma a durƙushe nake yin ta, ina kallon ƙafar kujera. Ita ma ba ta kiran sunana, Malam take ce min, kuma in tana da magana da ni, jaririn take gaya wa ina ji.

Bayan an yi arba'in, wata safiya ina ɗaura igiyar takalmi a bakin ƙofa, Hajiya na yi wa Khalifa wanka, Rukayya ta biyo ni ta tsuguna kamar mai gyara tabarmar ƙofa. Ta ce Umma, wato Hajiya, ta yanke shawara za ta tafi da ita da yaron gida, sai na gama karatu in same su. Wai ba za ta iya barin 'yarta da ɗanyen goyo a saman bene ba dangi, ba maƙwabciyar da ke jin yarensu, miji kuma ya fita tun safe sai duhu. Wai in Rukayya ta kwanta ciwo wa zai dafa mata ko ruwan zafi, tunda da idonta ta ga ranar da na ɗora ƙwai na manta har ruwan ya ƙone ƙwan ya fashe ya bugi silin. (Wannan gaskiya ne, tabon yana nan har muka bar gidan.)

Rukayya ba ta son tafiyar, amma ba za ta iya yi wa mahaifiyarta musu ba. Ni ma ba zan iya ba, matar da ko haɗa ido ba ma yi. Ga karatu da saura mai yawa. Na tuna irin zaman da na yi ni kaɗai a shekarar farko kafin Rukayya ta zo, na kuma tuna cewa yaron nan zai fara zama, ya fara rarrafe, ya fara tafiya, duk a cikin waya zan gani. Ranar a ɗakin karatu shafi ɗaya na tasa a gaba har azahar, ban san me ke cikinsa ba.

A nan dabara ta zo min, kuma a lokacin gani nake babu wanda ya kai ni wayo. Tunda baki ba zai iya gardama da Hajiya ba, to tukunya za ta yi. Zan kai su bakin teku su huta kafin ta koma, a matsayin godiya, kuma daga fita har dawowa babu macen da za ta taɓa ludayi. Ni zan yi komai, ta gani da idonta cewa 'yarta ba a hannun ragon namiji take ba. Sannan don girmama ta, babu nama ga kowa, kada a sake barin ta ita kaɗai tana kallon bakin mutane. Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Wanda ban faɗa ba shi ne, ni ban san yadda ake gane nama ya dahu ba, kuma na ji an ce saurin lalacewa yake yi a zafi.

Da yamma na durƙusa a falo na yi jawabina ina kallon talabijin da ke kashe. Har da ƙarin gishiri na yi, na ce ai nama ma ba wani abu ba ne, ni dama ya fara fita raina. Rukayya ta ɗago ta dube ni, don ta san ni da ƙashi ma ba na raga wa. Hajiya ta ɗaga Khalifa sama ta ce masa, "To angona, ka ji, babanka zai yi mana girki. Allah ya kai mu." Muryarta babu yabo babu fallasa, amma ni na ji kamar an sa min ranar jarrabawa.

Da farko waya na buɗe ina neman abincin da ba shi da nama, wanda kuma ba shi da wahala. Abin da aka jero min duk na Turawa ne, ɗanyen ganye da wasu 'ya'yan itatuwa da ko sunansu ban iya faɗa ba, a yayyanka a barbaɗa wani abu a ce an gama. Na san in na ajiye wa Hajiya ɗanyen ganye a faranti, a ranar za ta fara haɗa akwati. Sai na kira Yaya Hadiza, babbar yayata da ke Kano, wadda ita ta goya ni. Ta yi dariya har ta sarƙe da tari. Ta ce, "Kai da ka tashi a gidanmu kake neman a koya maka abincin da babu nama? Sau nawa ka ga nama a kwanonka in ba da Sallah ba?"

Nan take ta zayyano min ɗanwake, garau-garau, kwaɗon zogale, soyayyar awara da yaji, da kunun gyaɗa na safe. Ta ce kada in yi abin da ya wuce tukunya ɗaya, duk wani daka da niƙa in gama shi tun a gida in ƙulla a leda, mai da yaji kuma kowanne a mazubinsa kada in haɗa sai za a ci. Wallahi sai na ji kunya ta kama ni. Abincin da na yi shekaru ina gudu tun da na fara ɗaukar albashi, shi ne yau zai cece ni.

Na hau jirgin ƙasa na tafi kasuwar Chow Kit da jakar baya. Awara ba ta ba ni wahala ba, ga ta nan tuli a kowane lungu, tauhu suke ce mata, kuma arha kamar a ba ka kyauta. Zogale ne na sha yawo a kansa, ina nuna hotonsa a waya daga wannan rumfa zuwa waccan, ƙafata cikin ruwan kifi, har wata tsohuwa Ba'indiya ta zaro min dami daga ƙarƙashin tebur tana mamakin yadda baƙon Afirka ya san ganyen garinsu. Kuka da kanwa da ƙuli da yaji kuwa daga cikin tsarabar Hajiya Rukayya ta dinga ɗebo min kaɗan-kaɗan, wato da kayanta zan burge ta.

Gwaji a ɗakin wasu ɗalibai 'yan gida na yi shi, gwauraye da ke benen da ke kallon namu. Ɗanwaken farko narkewa ya yi a cikin ruwa ya zama kunu. Na biyu ya yi tauri har wani ya ce a ajiye masa saura zai jefi kyankyaso. Awara ban tsane ta ba na jefa a mai, man ya yi tsalle ya ƙone min wuyan hannu, na dinga sa riga mai dogon hannu a wannan zafin. Duk abin da na lalata sun cinye shi tas suna sa min albarka, don haka ban taɓa samun gaskiya daga bakinsu ba. Hoto nake ɗauka in tura wa Yaya Hadiza, ita ce ke zagina har hannuna ya faɗa.

Ɗaya daga cikinsu ya ara min motarsa, wata tsohuwa mai baƙin gilashi wuluk, irin wanda ake murɗawa da hannu yana ƙara. Muka loda tukunya da kuloli da tabarmi muka kama hanya. Masaukin da na kama ɗaki ɗaya ne da falo, kicin ɗin kuma a cikin falon yake, babu ƙofa babu labule. Na bar wa mata ɗakin, ni zan kwana a kujera. Na auna fulawa, na auna mai, na san abin da za a ci safe da rana da dare, amma abu ɗaya bai taɓa faɗo min a rai ba, wato ni a ina zan ci.

Hajiya ta ga teku ta ƙofar baranda ta tsaya kamar an dasa ta. Ta daɗe tana tasbihi, sannan ta shimfiɗa dardumarta daidai wurin, inda in ta dubi gabanta ruwa take gani, in ta waiwayo kuma ni take gani da tukunyata. Nan ta mayar wajen zamanta.

Garau-garau na fara da shi, kuma ba yabon kai ba, ya yi wara-wara. Na zuba a faranti, na yanka tumatir da albasa da kokwamba na jera a gefe, na kai mata a durƙushe. Ta ce sannu da aiki, ta jawo murfi ta rufe, ta tura gefe. Na koma kicin ina goge abin da ba shi da datti, ina satar kallo. Ba ta buɗe ba. Na sake zagayowa na tambaya ko a ƙaro yaji, ta ce a'a ya isa. Har na fita masallaci sallar magariba farantin na rufe. Da na dawo na tarar an wanke shi an kife. Na ja Rukayya gefe na tambaye ta, ta ce an ci mana, tana ta fama da Khalifa ko kallona ba ta yi ba. Na ce a raina, shi ke nan, yarinyar nan ta cinye nata da na Umma don ta rufa min asiri.

Nawa abincin kuwa yana cikin tukunya yana kallona. Hajiya na falo da carbi, da ta shiga ɗaki kuma ta bar ƙofa a buɗe saboda iska. Na tsaya na ba ƙofar baya na kai cokali biyu, cokalin ya daki tukunya ya yi ƙara, na ajiye na haƙura. Da safe ma haka. Na dama kunun gyaɗa mai kyau, ta karɓa ta ɗora murfi a kan kofin, ta ci gaba da kallon ruwa. Ni kuma abin da ya shiga cikina shi ne wanda na lasa a ludayi.

Da hantsi muka tafi bakin tekun da kayanmu. Wannan shi ne babban girkin, wanda na ɗora duk begena a kansa. Ɗanwake a kula, sulɓi-sulɓi, kowanne daidai loma. Kwaɗon zogale da ya sha ƙuli. Awara jajawur da yaji da kabeji. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi, na ba Rukayya mukullin mota don jakar yaro na ciki. Ko'ina iyalan Malay ne sun baje, yara na gudu a rairayi, iyaye maza na fifita gawayi, hayaƙin kaza da kifi na tasowa daga dama da hagu yana shiga hancina kai tsaye. Na haɗiye yawu na zuba wa Hajiya mai da yaji a kan nata, na tura mata kular gaba ɗaya, na ja baya kaɗan na zauna ina jira.

Ta dubi abincin ta ce masha Allah. Ta mayar da murfi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce zan taka in ga ruwa, na kama bin gaɓa ina tafiya ina cizon leɓe. Haushi nake ji, da yunwa, da tsoro, ban san wanne ya fi ba. Duk wahalar nan, duk ƙunar nan, ko ɗanɗanawa ba za a yi ba? Ashe tun farko an gama yanke hukunci, ni ne ke ta rawar kai. Na yi nisa na hau titi don in zagayo, sai ga wani mai satay a bakin hanya, wato tsirensu na nan, 'yan ƙanana a tsinke, ana ci da miyar gyaɗa mai kauri. Yana fifita wuta, kitse na ɗiga yana yin cuu. Ya dube ni ya ce, "Makan, boss?" Wai ko zan ci. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji na ce ya ƙunsa min, na kaza da na shanu, adadin da ko yau ba zan faɗa ba.

Sai matsalar wurin ci ta sake tasowa. Fili ne ko'ina, in na zauna a benci ana iya hango ni daga tabarma. Na hangi motarmu a inuwa bayan layin bishiyoyi, na lallaɓa ta ɓangaren titi, na tsuguna na jingina da ƙofar baya, na buɗe ƙunshin. Jama'a, ban ci naman nan ba, yaƙi na yi da shi. Tsinke biyu-biyu nake zugewa, miyar gyaɗa na bin gemu, ina gurnani ni kaɗai. Mai digiri biyu, uban ɗa, wanda ya ce nama ya fita ransa.

Da cikin ya ɗan lafa sai baƙin cikin ya taso. Na ciro waya na danna wa Yaya Hadiza saƙon murya, baki cike, murya a sake don na san babu mai jin Hausa a wurin. Na ce mata komai ya lalace. Na ce tsohuwar nan ko buɗe kwanona ba ta yi, da alama ƙyama take yi. (Eh, tsohuwar nan na ce. Allah ya yafe min.) Na ce ga ni nan a bayan mota ina cin nama kamar ɓarawo don tun jiya ban ci komai ba. Daga nan murya ta fara rawa. Na ce, "Yaya, ni ba na ganin laifinta, abin da ta yi mana uwata ce kawai za ta yi shi. Amma in ta tafi da su ban san yadda zan buɗe ƙofar gidan nan in shiga ba. Kullum da kukan yaron nan nake tashi, kuma wallahi shi ke sa ni fita karatun. Na kasa gaya mata, ba zan iya ba."

Na tura, na share ido da bayan hannu, na miƙe don in gyara fuska kafin in koma. Baƙin gilashin nan ya yi min madubi sosai. Na matsa kusa, na wage baki, na sa tsinken satay ina sakace haƙoran ciki, ina karkata kai dama da hagu don in tabbatar babu shaida.

Sai madubin ya fara sauka.

A hankali yake sauka, yana ƙiiƙ, ƙiiƙ, yana tsayawa yana ci gaba, fuskata na ɓacewa wata na bayyana. Na fara ganin mayafi, sannan goshi, sannan tabarau. Hajiya ce zaune a kujerar baya, gilashin ɗaya gefen a buɗe iskar teku na shigo mata, kular ɗanwakena a kan cinyarta, saura 'yan ƙwayoyi a ƙasa, yatsunta sharkaf da mai da yaji.

Tsinken na bakina. Ɗayan hannun na riƙe da ƙunshi. Ƙwaƙwalwar da gwamnati ta turo ƙasar waje karatu ta nemi abin faɗa ta rasa, sai kawai na zube a kan tsakuwa na ce, "Salamu alaikum, Hajiya, an wuni lafiya?" Ta amsa sallamar cikakkiya, ta ce lafiya lau, ya gajiya. Na ce babu gajiya. Na ga ta jawo gefen mayafi a hankali ta rufe kular, sai a lokacin na gane ba ni kaɗai aka kama ba.

Ta kafa ido a bayan kujerar direba ta ce, "Malam, ai da ka daina tsayuwa a kaina da tuni na ci. Ta yaya zan buɗe kwano kana zaune kana kallona?"

Kunyar da nake taƙama da ita, ashe ban taɓa tunanin ita ma tana da tata ba. Duk zaman da muka yi a Wangsa Maju, sai na fita take cin abincinta, ban lura ba don kullum ina waje. Nan kuwa na zame mata mai gadi, na kai kwano na kuma tsare. Ta ce garau-garaun jiya ina fita masallaci ta cinye shi, har na Rukayya ta taɓa. Kunun safe a sanyaye ta sha shi ina banɗaki. Yau kuwa ƙamshin yajin ya hana ta haƙuri, ina ba da baya ta karɓi mukulli ta taho mota, don ba za ta iya ci a fili maza na wucewa ba. Ta ce ɗanwaken kanwa ta ɗan yi masa yawa, amma ya yi, kuma awarar a ajiye mata saura.

Ni dai kaina na ƙasa ina amsa to, to, ina jiran a zo kan tsohuwar nan, a zo kan naman, a zo kan sauran abin da na zuba. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ɗan dubi ƙunshin da nake ƙoƙarin turawa bayan taya ta ce, "Ƙarasa abinka. Ni aka hana, ba kai ba." Sannan ta kama abin murɗawa ta mayar da gilashin sama, ƙiiƙ, ƙiiƙ, har ya rufe, don kowa ya ƙarasa nasa cikin mutunci.

Na so in ce muku na kasa ci bayan wannan. Ƙarya ne, na cinye, har miyar na suɗe.

Na bari ta riga ni komawa, na zagaya ta nesa na fito ta bakin ruwa kamar mai dawowa daga yawon buɗe ido. Ina zuwa Rukayya ta ƙura wa gaban rigata ido, inda miyar gyaɗa ta yi zane tun daga wuya har aljihu. Ta buɗe baki za ta tambaya, hancinta har ya fara aiki, sai Hajiya ta riga ta. Ba ta ko ɗago daga wasa da Khalifa ba ta ce ai ƙulin kwaɗo ne, mutum tun safe yana kan aiki dole ya ɓata riga, maimakon tambaya a ba shi ruwa ya wanke. Rukayya ta miƙo min gora tana ba ni haƙuri. Na karɓa na hau goge rigar.

Sauran kwanakin sai muka samu tsari ba tare da an tattauna ba. In na kai mata kwano sai in ɗauki nawa in fita baranda in ja ƙofa, ita tana ciki ni ina waje, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya. Kwano ya dinga dawowa a share. Amma maganar tafiya babu wanda ya tayar, ni kuma ban isa in tambaya ba. Ina girki ina lissafin cewa wataƙila abin da ta ji ya ƙara ɓata lamarin, don wa zai bar 'yarsa a hannun mai kuka a bayan mota.

A hanyar komawa Kuala Lumpur, ruwan sama na zuba, Rukayya ta fara gyangyaɗi, Hajiya na baya da Khalifa a cinya. Sai na ji ta fara yi masa magana a hankali, irin muryar da take yi in saƙon nawa ne.

"Angona, ni kaɗai zan koma. Ka zauna wajen babanka. Na ji abin da ya ce, ko da ba da ni yake ba." Ta gyara masa kwanciya, sannan ta ƙara, "Amma ka gaya masa ya dinga dawowa kafin magariba, kuma ranar da babu makaranta shi ke da kicin."

Rukayya ta farka firgigit tana tambayar me aka ce, wa ya ce me. Hajiya ta ci gaba da jijjiga Khalifa. Ni titin ma ya daina ganuwa sosai, na sa sigina na gangara gefe na ce bari in duba taya. Na fita cikin ruwan na tsuguna a gaban tayar da babu abin da ya same ta, har sai da na samu kaina.

Hajiya ta koma ita kaɗai, kuma har yau ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ta gilashin nan ba. Rukayya ma daga bakina ta ji, bayan mun dawo gida da shekaru, kuma ta yi dariyar da sai da na yi nadamar faɗa. Duk wanda ya tambayi Hajiya labarin Malaysia, cewa take yi ta ga teku, kuma surukinta ya iya ɗanwake. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, ya ƙara mata lafiyar ƙafa.

Yanzu in wani ya zo neman shawarar abincin tafiya da iyali, ina ba shi ta Yaya Hadiza yadda take, tukunya ɗaya, daka a gida, mai da yaji daban. Sai in ƙara masa tawa, in ce in da suruka a tafiyar, kafin ka auna fulawa ka fara tanadar inda kowa zai ɓuya ya ci. Na yi makonni ina koyon girki don tukunya ta faɗi abin da bakina ya kasa, ashe bakin ne dai zai faɗa, a tsugune, cike da naman da na hana kowa.